Gangunanka Sun Riga Ka Dawowa Gida

Zuwa ga yayana Bukar, a duk inda wannan takarda ta same ka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta ƙani ga wansa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. Na daɗe ina kallon wannan jimla kafin in bar ta a takarda, domin ita ce abin da ban sani ba, kuma ita ce dalilin wasiƙar.

Ni ne Modu, wanda ka raɗa wa Akawu saboda yawan rubuce-rubuce. Ka bar ni ina aji ɗaya a sakandare. Yanzu furfura ta fara fito mini a gemu, ina da mata da 'ya'ya uku, muna nan gidanmu na Gwale tare da Inna. Malam ya rasu shekara tara ke nan, ban san ko labarin ya iske ka ba. Wasiƙarka ta ƙarshe daga Kwatano ta haura shekara ashirin, kuma babu adireshi a jikinta. Shi ya sa na sa wannan a shafina na intanet inda kowa zai gani, ko Allah zai sa ta faɗa idon wanda ya san ka.

Zan faɗa maka abin da ya faru bi da bi, yadda na rubuta shi a littafina, don in na bar wa kaina sai in rikice.

Makon jiya hanya ta bi da ni ta Ƙofar Mazugal. Akwai wani mai kayan gwanjo a nan, Ɗanjuma, yana sayar da tsofaffin rediyo da lasifika da fanka. A ƙuryar shagonsa, ƙarƙashin wani buhu, na hango gefen wata babbar ganga ja. Gangunan Turawa ne, saiti guda, irin wanda mutum ɗaya ke zama a tsakiya ya kaɗa da hannu da ƙafa. Jan ya koɗe, ƙarafan sun yi tsatsa.

Na matsa na ƙwanƙwasa katakon da ɗan yatsa, yadda na ga kana yi. Ka tuna garejin abokinka a bayan Ƙofar Ɗan Agundi, inda kake ɓoye gangunanka? In an tashi makaranta sai in zo in zauna a gabanka kan tsohuwar taya. A nan ka koya mini cewa ba fenti ake saya ba, katako ake saya. A duba bakinta ko ya cinye, a mirgina ta a ga ko ta karkace, a sa hanci a ramin iska a ji ko ruwa ya taɓa shiga. Kakan ce, "Sabuwar ganga ihu take yi, Akawu. Tsohuwa kuwa magana take." Wannan ta shagon Ɗanjuma, ko da yatsa kawai, magana ta yi mini.

Na tambaye shi daga ina suka fito. Ya ce a lodin kaya daga Legas. Na ce kayan mamaci ne ko na mai rai? Ya kalle ni, ya kalli carbin hannuna, ya yi dariya. "Malam, ni gwanjo nake saya, ba tarihi ba. Kai da wannan hular taka, kiɗa za ka koma?" Na roƙe shi ya bar ni in kwance fatar babbar in duba cikinta. Ya ce, "Ka saya tukuna, in ka so ka shiga ciki ka kwana."

Sau uku ina komawa. Ran farko na ce wa kaina jajayen ganguna sun yi yawa a duniya. Rana ta biyu na ce to in wani ya riga ni fa? Rana ta uku na saya, ban ma yi ciniki sosai ba, har shi kansa ya ji kunya ya haɗa mini da sanduna biyu da ba nasu ba. Na ɗauko su a adaidaita sahu, na lulluɓe da tabarma, na shigo da su lokacin da Inna ke barcin bayan azahar. A shagon Malam na ajiye su, ɗakin nan na cikin zaure, tun da nan kaɗai ne ba a shiga.

Na san abin da za ka ce. Duk da haka na tura ƙofar.

Sau ɗaya tak gangunan nan suka taɓa shiga gidan nan. Malam ya tafi ziyara Borno, ka kawo su da la'asar, ka kafa su a zaure, ka yi kiɗa a hankali kamar mai raɗa. Inna ta zauna a bayan labule da faifan shinkafa, wai tsinta take yi. Har ka gama ko tsakuwa ɗaya ba ta fitar ba. Maƙwabta suka ji, Malam ya dawo ya ji. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Gidan da ake tilawa ba a kiɗa a cikinsa. Ko ganga ko gida." Kwana biyu bayan nan ka tafi.

Ba don in kaɗa na saye su ba, Yaya. Na saye su ne don in tabbatar ba naka ba ne. Domin na san ka. Mutumin da ya bar gidan ubansa saboda ganga, me zai raba shi da ita in ba abin da nake tsoro ba?

Na share su da tsumma, na jera ɓangarorin a ƙasa, na rubuta sunan kowanne yadda na iya. Babba wadda ake bugawa da ƙafa. 'Yar ƙarama mai siraran wayoyi a ƙarƙashi, mai ƙara kamar ana yaga takarda. Biyu matsakaita, ɗaya tana hawa kan babbar, ɗaya tana tsayawa da ƙafafunta a ƙasa. Sai farantan tagulla, sun yi baƙi. Na duba hotuna a waya, na kafa su yadda na ga kowa na kafawa.

Akwai alama ɗaya da na riƙe a kaina duk shekarun nan. Kana matso da mai ƙafafun nan har ta jingina da babbar, ƙarfenta ya goge fentin ya bar fari kamar tsagar fuska. Kuma na tuna sarai a hannun dama take. Na zauna a mazaunin makaɗi, na duba gefen dama. Fenti lafiya lau, ko ƙwarzane babu. A hagu ne na ga wani gogewa, na ce ai wannan aikin mota ne, daga Legas zuwa Kano ba kusa ba.

Ban san ranar da na yi farin ciki irin na yammar nan ba. Na rubuta a littafina, har na ja layi biyu a ƙasa: ba nasa ba ne. Na yi alwala na yi nafila raka'a biyu. Na ce ko buɗe cikin babbar ba sai na yi ba, gobe in mayar wa Ɗanjuma kayansa ko da faɗuwa.

Washegari muna cin abincin rana a tsakar gida, autata Falmata ta miƙa hannun hagu cikin kwano. Inna ta buge hannun, ta ce, "Da dama, ke! Kada ki gado wancan." Ka san har yau ba ta faɗin sunanka, kai ɗan fari. Wancan take cewa, ko yaron nan. Ta ci gaba da cin abincinta. Ni kuwa na ajiye lomar da ke hannuna.

Na manta kai bahago ne. Wallahi na manta. Malam ya gyara maka hannu tun kafin a haife ni: da dama kake ci, da dama kake rubutun allo, da dama kake gaisawa. Duk gidan nan, ban da shi da Inna, ba wanda ya san ka da hagu. A kan ganga kaɗai ne ba mai buge maka hannu, a nan kake komawa yadda Allah ya yi ka. Kuma ni kullum a gabanka nake zama, ina fuskantar ka. Abin da na riƙe a matsayin dama, damata ce, ba taka ba.

Na wanke hannu na koma shagon. Na kwance duk abin da na kafa, na juya shi. Mai ƙafafu ta koma hagu, 'yar ƙaramar ta koma dama. Na tura mai ƙafafun a hankali har ta jingina. Ƙarfenta ya zauna a cikin farin nan daidai, kamar ƙafa a cikin tsohon takalminta.

Duk da haka na ce bahagwai ma suna da yawa. Ka ga halina. Na ɗauko filaya na shiga kwance ƙusoshin fatar gaba, ɗaya nan ɗaya a ɗaya gefen, yadda kake cewa kada a bi su a jere fata ta karkace. Da fatar ta fita, warin tsohon katako ya bugo ni. A ƙasan cikin akwai zane a ninke.

Koriyar atamfar Inna ce, mai ƙunar dutsen guga a gefe. Ni na kai maka ita da hannuna. Ka yi ta ƙorafi cewa babbar ta cika amo, tana son wani abu mai taushi a ciki ya kama mata murya. Ban san yadda maganar ta kai kunnenta ba. Ta dai ninke zanen ta ba ni, ba ta dube ni ba, ta ce, "Kai wa wancan, na ji yana neman tsumma." Ba tsumma ba ne. Da shi take zuwa suna.

Shekara talatin yana ciki, Yaya. Ka canza fata ban san sau nawa ba, ba ka canza shi ba.

Sai na tashi na zazzage komai, buhun da aka naɗe ƙarafa, jakar sanduna, cikin kowace ganga, ninkin zanen kansa. Makulli nake nema, ɗan ƙarfen nan da kake ɗaure fata da shi, wanda ka rataya a wuya inda wasu ke rataya laya. Na taɓa cewa ka ara mini, ka ƙi. Ka ce, "Yunwa tana iya sa makaɗi ya sayar da ganga. Makulli kuwa sai an cire shi daga wuyan gawa." Dariya kake yi da ka faɗa.

Babu shi. Na koma wurin Ɗanjuma, ya rantse bai taɓa ganin sa ba. A kan wannan nake tsaye yanzu, a kan ɗan ƙarfen da bai kai yatsa ba. Wani lokaci in ce yana wuyanka, kana wani gari kana jin haushin ka sayar. Wani lokaci in ce ai ƙaramin abu ne, mai wankan gawa zai iya ajiye shi gefe a manta. Na rubuta dalilai a shafi biyu, na wannan da na wancan, na karanta har na haddace, ba wanda ya rinjayi wani.

Saura abu ɗaya, shi ne ya fi ba ni tsoro, kuma laifina ne.

Na mayar da zanen, na ɗaure fatar. Ban san abin da ya shiga kaina ba, na ɗora ƙafa kan matakin babbar gangar na danna. Sau ɗaya. Ba ta yi ƙara ba. Wani irin dum ta yi, gajere, mai nauyi, wanda a ƙirji ake jin sa kafin kunne.

Daga cikin gida na ji muryar Inna, matar da sai an ɗaga murya take jin sallama. Ba ta ce wancan ba. Ta ce, "Bukar?"

Shekarata arba'in da biyu, ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba.

Na shiga na same ta a tsaye, ta dafa bango, mayafinta ya zame. Na ce kayanka ne suka iso. Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi ta inda suka biyo ba. Ta koma ta zauna, ta gyara mayafi, ta ce, "To, alhamdu lillahi. Mai kaya ai yana bayan kayansa."

Tun ranar ta sa an share ɗakinka an shimfiɗa sabuwar tabarma. Ta mayar da kujerarta inda take kallon ƙofar zaure. In an raba tuwo sai ta ce a rufe malmala biyu a ajiye. Duk wanda ya yi sallama sai ta ɗaga kai, in ta ji ba kai ba ne ta amsa a hankali. Da can ta haƙura, Yaya, ko dai ta iya ɓoyewa. Ni na tayar mata, da ƙafata. Jikinta ba ƙwari, kuma ban san kwana nawa tsohuwa za ta iya kallon ƙofa ba.

Don haka in kana raye, ba na tambayar ka komai. Ba ruwana da inda ka shiga, ko abin da ya sa ka sayar, ko yadda ka koma. Malam kansa, a ciwonsa na ƙarshe, ya tambaye ni sau biyu ko an ji ɗuriyarka. In kunya ce, ka aje ta. In ba halin tafiya, ka aiko da murya, ko sallama ce kawai, in kara mata a kunne.

Kai kuma bawan Allah da kake karanta wannan, in ka san wani makaɗi Bakano, dogo, bahago, mai ɗan ƙarfe a wuya, ka yi mini magana. In labarin mai daɗi ne, ka faɗa a fili. In ɗayan ne, don Allah ka same ni ni kaɗai.

Allah ya tsare ka in kana bisa ƙasa, ya yi maka rahama in kana ƙarƙashinta. Allah ya yafe wa Malam, ya yafe maka, ya yafe mini dannawar nan. Allah ya sa kada Inna ta gaji kafin amsa ta zo. Amin.

Gangunan suna nan a kafe, ta hagu, yadda kake so. Ban sake taɓa su ba. Fatar 'yar ƙaramar ta saki, kuma filaya tana cinye kan ƙusoshin. Ka zo da makullin.

Ƙaninka,
Modu Akawu