Ko Hita ko Tukunya

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Baba, yaya su Auta? Ni lafiya ƙalau, sai gajiyar aikin wayarin wutar lantarki.

Kin tambaya ko ina cin abinci mai zafi. Ga lissafin. Wutar ɗakinmu volt 220 ce, fiyus ɗin amfiya goma yake ɗauka. Ɗari biyu da ashirin sau goma, wat 2,200 ke nan. Hitar ɗumama ɗaki tana shan dubu biyu, rishon lantarki dubu ɗaya. In muka kunna su tare, wuta ta ɗauke ɗif, mu huɗun da ke ɗakin muna ta zargin juna.

Don haka kullum zaɓa muke yi. Jiya tukunya ta yi nasara, na ci da zafinsa, kada ki damu. In an samu mai zuwa, ki aiko mini tsohon bargona.

Allah ya ƙara lafiya.

Ɗanki