Yara Huɗun da Sunayensu Ba Su Shiga Ba

Zuwa ga Alhaji, mai makarantarmu da ke Fadaman Mada.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ni ce Malama Rakiya, mai yi wa ɗaliban ajin ƙarshe rajistar jarrabawar kammala sakandare. Takarduna biyu sun tsaya a teburin sakatarenka, shi ya sa na fito da maganar fili. Ba fushi nake yi ba. Na duba zuciyata ban same shi ba.

Na ɗaya. A farkon zangon nan ka kawo wani ɗan kwangila ya sa wa kwamfutocin ofis sabuwar manhaja. Laftof ɗin da nake aiki da ita tsohuwa ce, amma kafin ya taɓa ta tana riƙe caji har a tashi daga makaranta. Da aka dawo min da ita, sai na ga jan kuros a kan alamar batir, a ƙasa an rubuta wai babu batir a jikinta. Ga shi kuwa a maƙale. Ɗan cajin da ya rage ya ƙare a ranar, daga nan ba ta sake ɗauka ba. Ana ɗauke wuta take mutuwa.

Na biyu. Na kira ɗan kwangilar, ya ce in cire batirin, in danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci, in mayar. Na yi sau uku. Ya ce in canza caja, na aro ta malamin lissafi, duk ɗaya. Sai ya ce batirin ne ya mutu, ya daina ɗaukar wayata. Ranar wata Asabar na hau keke na kai ta Gwallaga wajen Malam Sabo mai gyara. Ya sa filash ya tashe ta da tsohuwar manhaja, a kan idona ta ga batirin ta fara caji. Ya ce lafiyar batir ƙalau, sabuwar manhajar ce ba a sa mata ɗan abin da zai sa ta gane shi ba, kuma aikin bai kai a sha shayi ba. Sai dai an kulle wurin yin gyara a sabuwar manhajar da kalmar sirri, ɗan kwangilar kaɗai ya san ta. Ban yarda ya goge komai ba, don kayan makaranta ne. Ranar Litinin da ta biyo baya na rubuto maka bayanin da Malam Sabo ya yi.

Na uku. Ranar da za a rufe rajista, saura yara huɗu, waɗanda hotunansu suka zo a makare. Na cike musu komai, ina shirin turawa aka ɗauke wuta, allon ya yi baƙi. Janareta ba mai. Na tafi shagon intanet na bakin titi, na tarar da layi har waje, kuma hotunan suna cikin laftof ɗin da ta mutu. Mai shagon ya taimaka ya jona min ita, amma kafin ta tashi an rufe shafin. Na zauna a bencinsa har aka kira la'asar. Ban yi kuka ba, ban kira kowa ba. Na naɗe caja na tafi gida na ɗora girki.

Cikin yaran akwai Fatu, wadda mahaifinta, Malam Jauro, ya bar ta a gidan ƙanwarsa a Ƙofar Wambai shekara shida don ta yi karatu, shi yana can wajen shanu. Ya zo bayan kwana biyu. Na yi masa bayanin batir da manhaja, yana sauraro da sandarsa a kan cinya. Da na gama ya ce, "Malama, ita yarinyar ba ta yi laifi ba ko?" Na ce ba ta yi ba. Ya ce to alhamdulillahi, ya yi min godiya ya tafi. Fatu tana zuwa aji har yanzu. Idan aka raba takardun gwaji takan karɓa ta amsa tare da saura.

Na huɗu. An ba ni takardar tuhuma a kan sakaci, na sa hannu na karɓa. Ba don a janye ta na rubuto ba. A bar ta a fayil ɗina, ba ta hana ni komai.

Abin da nake roƙo, ranka ya daɗe, a karɓo kalmar sirrin nan a ba wanda zai gyara, don sauran kwamfutocin ma ban san halin da suke ciki ba. Kuma makaranta ta riƙe yaran nan huɗu zuwa baɗi, ta yi musu rajista da kanta. Sannan a kira iyayensu, wani wanda ya fi ni girma ya faɗa musu abin da ya faru. Har yau uku daga cikinsu suna zaton yaransu ne suka makara.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya raya maka zuri'a, ya sa kada a taɓa rufe wa ɗanka ƙofa yana tsaye a bakinta.

Wassalam.

Malama Rakiya,
Bauchi.