Panon da Ba Ya Fashewa

Gure, daren Laraba

Autana Mamman bai kira ba yau ma. Tun da ya sake bin raƙuman kawunsa arewa bana, sau ɗaya na ji muryarsa.

Bara shirunsa bai dame ni ba, don panon hasken rana da yake cajin waya da shi na gilashi ne, raƙumi na durƙusawa ya tsage. Bana na saya masa sabon nan mai naɗuwa kamar tabarma, ana ɗaure shi a tozo yana shan rana.

Maƙwabciyata Falmata ta ce, "Uwar Mamman, ƙila panon ne ya fashe."

Na ce, "Wannan ba ya fashewa, Yaya. Mai kanti ya taka shi a gabana."

Na dama fura, na rufe, ban sha ba.