Kujera a Ƙarshen Sahu

Sharada, Kano
9 ga Maris, 2005

Zuwa ga 'yata Safiyatu,

Bayan sallama da fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da jikokina. Ya zafin Gusau?

An yi aikin da kika nace a yi. Ƙullutun nan na gindin babban yatsan ƙafata ta dama, wanda takalmin kamfani ya yi shekara ashirin yana renonsa, likita ya tsaga wurin, ya yanka ƙashin, ya miƙe shi, ya ɗaure da ƙusa biyu. Daga ƙugu zuwa ƙasa suka kashe mini jiki. Ina kwance ina jin ƙarar zarto, sai na ɗauka wani ake yi wa gyaran ƙofa.

Sati shida ba zan taka ba. Kin san mai salla a zaune ba ya jan waɗanda ke tsaye, don haka na ba Isyaku mai kula da sito aron limancin masallacin kamfani. Na nanata masa cewa aro ne.

Ki gaida yara.
Mahaifinki, Inuwa

Sharada, Kano
20 ga Yuni, 2005

Safiyatu,

Ina gaisuwa. Ya jikin uwar mijinki? Allah ya ƙara sauƙi.

Yatsa ya miƙe sambal, ko ina saurayi bai yi wannan kyau ba. Sai dai ba ya lanƙwasuwa. In na yi sujada kamar an soka mini allura, in na zauna tahiya sai mutum biyu sun ɗaga ni. Likita ya ce a shekaruna hakan na faruwa, wataƙila ya saki, wataƙila a'a. Na yi masa godiya.

Litinin na koma aiki. Ma'aikata sun karrama ni da farar kujerar roba, sabuwa fil daga injinmu, suka ajiye ta a ƙarshen sahu, jikin tagar da ke kallon janareta. Ba wanda ya ta da zancen aro. Ni ma ban tayar ba.

Kada ki zargi kanki. Na laluba zuciyata ko zan sami baƙin ciki, ban tarar da komai ba.

Jiya a Magariba Isyaku ya tsallake aya. Na gyara masa daga kujerata, har sau biyu. Janareta na ruri, ba wanda ya ji. Ya yi ruku'u, na bi shi.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifinki, Inuwa