Gasar Talata Tsakanin Inna da Duktura

Zuwa ga likitarmu Duktura Korason, wadda Inna ta raɗa wa Talatu,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kina lafiya a garinku can Filifin, ke da 'ya'ya da jikoki. Ni ce Safiya, 'yar Hajiya Inna ta Madain Fahd. Mu ma lafiya lau, sai zafin Jidda da kika bari, yana nan yadda kika san shi.

Duktura, asirinki ya tonu. Amma bari in bi abin daki-daki.

Kin tuna ranar da na kawo miki Inna ɗan asibitin unguwarmu da gyambo a babban yatsan ƙafa? Babban asibiti sun riga sun gaya mana ciwon sukari ne, in gyambon bai warke ba sai yanke ƙafar. Ga shi matar nan sana'arta ke nan, alkaki da dublan da nakiya na duk bikin da za a yi a unguwa. Kika wanke ciwon, kika ce a ba ki lokaci, da sharaɗin ta rabu da zaƙi. Inna ta dafa ƙirji ta ce halas, wato shi ke nan, ta daina. Muna fitowa ta tsaya shagon Bayamanen nan ta sayi basbusa, kek ɗin Larabawa mai shegen zaƙi, wai ta bankwana.

Bankwanar nan ta yi wata biyu ana yin ta. Kin zaro dabino daga ƙullin mayafinta. Kin tsinci alkaki a cikin kwalin magani. Shekarunki da yawa a Jidda kina fama da Larabcinki mai gutsuri-gutsuri, amma Hausar farko da ta zauna a bakinki ita ce, “Ƙarya ne, Hajiya.” Ciwon kuwa sai ci yake. Ni na san kukan da na sha a banɗakin asibitin nan, don har na fara tambayar kuɗin keken guragu.

Sai wata rana kika rufe ƙofar ofis, kika marairaice, kika gaya wa Inna ke ma ciwon ne da ke, ga ki ke kaɗai a unguwar Aziziyya, ba mai dafa miki abin da ya dace. A nan kika kama ta. Inna za ta iya wasa da ƙafarta, amma a ce baƙuwa tana ciwo a gari babu mai ba ta abinci, wannan abin kunya ne da ba za ta iya kwana da shi ba. Ta ba ki umarni ki riƙa zuwa duk ranar hutunki. Ranar ta faɗo Talata, sunanki na gaskiya kuma ya gagari harshenta, shi ke nan kika zama Talatu.

Kika ce ba za ki ci ba sai a kwano ɗaya da ita. Haka gidanmu ya koma gidan zogale da tuwon alkama da shayi salam. Kafin a sa hannu kuma sai ki fito da ɗan injin awon sukari, ki huda yatsanki, ki huda nata, a gwada. Kullum naki ya fi kyau. Kullum. Kin san Inna da rashin son a fi ta. Kina fita take cewa, “Wannan 'yar firit ɗin da ko tuƙa tuwo ba ta iya ba, ita za ta fi ni?” Matar da likitoci suka yi wa barazana da wuƙa ba ta ji ba, sai ga ta tana ƙin ɗanɗana alkakin da ta soya da hannunta, don kawai ta kayar da ke ran Talata.

Ranar da ta fara cin ki, har guɗa aka yi. Ta kira maƙwabta suka zo ganin injin. Ta zaunar da ke ta yi miki faɗa tas, wai likita guda ba ta san ciwon kanta ba. Kika sunkuyar da kai kina “na'am, Hajiya, na tuba.” Gyambon ya rufe a cikin wannan shekarar.

To, watan jiya jikarki ta turo mini bidiyon bikin zagayowar haihuwarki. Na ga kek mai ruwan hoda da shuɗi, ya kai girman faranti na biki, na kuma ga ki kin yanki wani ɓangare wanda ko mai lafiya sai ya yi bismilla sau biyu. Hankalina ya tashi. Na garzaya wajen nas ɗin da kuka yi aiki tare, na ce a kira ki a yi miki magana. Ta yi dariya har sai da ta nemi kujera. Ta ce ba ki taɓa ciwon sukari ba, ko na kwana ɗaya. Ta ce ranakun da Inna ta ci gasa, lemon kwalba biyu kike shanyewa a mota kafin ki ƙwanƙwasa mana ƙofa.

Duktura, ki ji tsoron Allah. Shekara da shekaru kin sa tsohuwa tana tsere da mai cikakkiyar lafiya.

Dariyar ba ta daɗe mini ba, sai tsoro. Har yanzu duk Talata Inna tana huda yatsa in tura miki sakamako, ke ma ki turo naki. Na san in ta ji gasar bogi ce, washegari za ta koma kan alkaki, ƙafar da muka sha wuya a kanta ta tafi. Na ƙudura ba za ta taɓa ganin bidiyon nan ba. Da na koma gida na sake kunna shi, ashe tana bayana, ta ɗora tabarau tana kallo.

Ba ta ko girgiza ba. Abin da ta ce shi ne, “Har yanzu Talatu ba ta daina satar zaƙi ba.” Wai tun watan farko ta sani. Duk Talatar da ta bar tiren dublan a kicin kika shiga wanke hannu, sai ta tarar layin gefe ya ragu, ke kuma kin fito kina goge baki. Ta ce mutumin da ya bar ƙasarsa da 'ya'yansa, ya ba ka ranar hutunsa ɗaya tak, ya zauna yana cin zogale babu dalili, har ya huda yatsansa saboda ƙafarka, ba ka kunyata shi. Daga baya da gangan take ajiye tiren kusa da famfo.

Na rasa wadda zan fara tuhuma a cikinku. Na zauna na yi kuka, Inna ta ce in tashi in dafa mata shayi, ban da sukari.

Ta ja kunnena kada in gaya miki ta sani. Shi ya sa na rubuta da Hausa, don na tabbata daga “sannu” sai “ƙarya ne” da “na tuba” kika iya. In wani ya fassara miki, ba ruwana.

Abin da nake so ki sani shi ne, azumin bana Inna ta yi umra. An kawo mata keke ta kore shi. Da ƙafafunta biyu ta yi ɗawafi, ina riƙe da hannunta, na kuma ji sunanki a bakinta cikin addu'a. A unguwa yanzu, duk tsohuwar da aka kawo wa shayi babu sukari sai ta ce an ba ta na Talatu. Muna kewarki ƙwarai, Duktura. Ranar Talata gidan yana mana faɗi.

Akwai gwangwani yana tafe a hannun nas ɗin nan in ta zo hutu can Filifin. Alkaki ne. Inna ta ce ki raba wa maƙwabta, ke kada ki kuskura ki taɓa, kin san lalurarki. Na ga lokacin da take zuba zumar, sau biyu ta tsoma kowane ɗaya, yadda kike so.

Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, ya raya miki zuriya, ya saka miki da alheri, ya sa ƙafafunki su ɗauke ki har ƙarshen rayuwa kamar yadda kika bar wa Inna nata. Amin.

Kada ki manta da turo sakamakon jibi. Ta ce wannan makon sai ta kayar da ke.

Taki har kullum,
Safiya 'yar Inna,
Madain Fahd, Jidda.