Lakol ɗin Gidan Kadi da Aka Mayar Rumbun Gyaɗa

Daga: Labo Idrisa, manomi,
Gidan Kadi, kusa da Gangara,
ƙasar Gazawa.

Zuwa ga: Mai Girma Mai Duba Makarantun Firamare,
Maraɗi.

Ranar 10 ga Disamba, 1962.

Game da: Ɗauke malami da kayan lakol ɗin Gidan Kadi, da zuba gyaɗa a ɗakin karatun yara.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya, da fatan Allah ya ƙara maka lafiya da ɗaukaka. Ni Alhassan, mai rubuta wa mutane takarda a kasuwar Gangara, nake rubuta wannan da yawun Labo Idrisa, dattijo ne da bai yi karatun boko ba. Maganar duk tasa ce, alƙalami kawai ne nawa. Yana roƙon a gafarta masa da takardar ta zo da Hausa, domin mutum ɗaya da ke rubuta wa garinsu Faransanci shi ne wanda ake wannan ƙorafi a kan ɗaukewarsa. Ga abin da ya faru bi da bi.

1. A watan Nuwamba na 1960, bayan ƙasarmu ta sami mulkin kai, manzo ya zo ƙofar Maigari Mudi ya yi shela cewa duk garin da ya gina ɗakin karatu da hannunsa, gwamnati za ta ba shi malami da tebura da kujeru. Kowa ya sunkuyar da kai, domin lakol, wato makarantar boko, da suka sani a zamanin Nasara ita ce wadda gardi, ɗan sandan Nasara, ke zuwa ya tafi da ɗan mutum, har iyaye na ɓoye yara cikin rumbu. Labo yana saurayi an taɓa kwasarsa aikin tilas na hanya, ya ga yadda ake kaɗa mutum duk inda aka ga dama da takardar da bai iya karantawa ba. Shi ya miƙe a taron nan ya ce ya ba da gonarsa ta gabas da gari a yi lakol a ciki. Gonar kuwa kakansa ne ya sare ta lokacin da ya taso daga ƙasar Katsina, kuma duk cikin gonakin gidansu babu mai ba da gero kamarta. Ba wanda ya tilasta shi, bai kuma karɓi komai ba. Ƙannensa sun yi fushi, ɗaya ya daina shiga zaurensa har aka yi girbi na gaba.

2. Da rani ya shiga a 1961 aka yi gayya. Maza suka kwaɓa ƙasa suka yi tubali, mata suka yi ta jido ruwa daga rijiyar fadama, samari suka tafi da jakuna neman azara, makaɗin gari yana bin su da ganga. Ruwan farko ya zo da wuri ya rushe bangon arewa, aka sake ɗaga shi ba wanda ya yi ƙorafi. Aka ƙara da ɗan ɗaki na malami, da danga, aka kuma haƙa rijiya a cikin filin.

3. Da gini ya ƙare sai aka rasa yara. Labo ya bi gida gida yana lallashi. Don kada a ce yana tura 'ya'yan wasu inda bai tura nasa ba, ya fara ba da 'yarsa Maimuna, alhali a lokacin ba wanda ke tunanin sa mace. Ya tafi har ruga wurin Gidaɗo, makiyayin da ke sauka a gonakin garin bayan girbi tun zamanin iyayensu. Gidaɗo ya saurare shi har ya gama, ya ce shi bai san gwamnati ba, bai taɓa ganin fuskarta ba, amma ya san Labo. A kan haka ya ba da 'ya'yansa biyu, da sharaɗin su zauna a gidan Labo duk lokacin da shanu suka yi arewa.

4. Ranar 9 ga Oktoba, 1961, aka kawo malami, Mushe Iro (Mushe shi ne laƙabin da ake kiran malamin lakol da shi), tare da tebura da kujeru da babban allo da tuta. Mai ƙorafi yana so a rubuta cewa ba shi da wata magana a kan wannan malami sai alheri. Saurayi ne mai kunya, ba ya wuce dattijo bai cire hula ba, duk abin da aka dafa a gari kuma shi yake ci. Ya rataye tsohon ƙarfen ƙafar mota a jikin gawon da ke tsakiyar fili, da hantsi ya buga, sai ka ga yara suna fitowa daga kowane lungu da tsintsiya a hannu. A share fili, a ɗaga tuta, a duba farce da kunne, sannan a shiga. Da rana matan gari ke karɓa-karɓa wajen kawo fura, Larai matar Labo ita ke rabawa da ludayi, ta san mai zari ta san wanda kunya ke hana shi miƙo ƙwarya. Gefen rijiya yara suka yi lambu, albasa da tumatir da yakuwa, kowane yaro da kwaminsa. Bayan la'asar manya ke zuwa su zauna gindin gawo, malam ya karanta wa wannan wasiƙar ɗansa da ya tafi cin rani, ya ɗiga wa wancan maganin ciwon ido, ya koya wa masu so yadda ake rubuta suna. Labo kansa ya zauna a ƙasa cikin sa'o'in 'ya'yansa, har ya iya harafin farko na sunansa. Sauran haruffan aka ce sai bana.

5. Ranar bikin Jamhuriya, 18 ga Disamba na bara, yaran suka yi jerin gwano daga lakol zuwa ƙofar Maigari, aka yi kokawa da tseren jakuna, mutanen ƙauyuka suka zo kallo. A ranar Maimuna ta tsaya gaban jama'a ta karanta rubutun da ke jikin wani buhu da aka miƙa mata don gwaji. Waɗanda suka ɓoye 'ya'yansu da farko suka riƙa zuwa wurin Labo a asirce suna tambaya ko akwai sauran wuri.

6. A ƙarshen Yuni aka ba da hutun damina. Mushe Iro ya tafi garinsu, ya bar tabarmarsa da butarsa a ɗaki, ya ce sai Oktoba in Allah ya kai mu. Da ruwa ya ɗauke aka sake gayya, aka yi wa ɗakin yaɓe, aka nome ciyawar fili. Oktoba ya kama, ba malami. Ranar 20 ga watan sai ga babbar mota ta tsaya a bakin danga. Labo ya ɗauka malam aka kawo, ya shiga gida ya sa rigarsa ta Juma'a, ya ce wa Larai ta dama fura. Da ya fito sai ya tarar da mutum biyu da ba a san su ba suna fitar da tebura. Suka nuna wa Maigari takarda mai hatimi, suka ce umarni ne daga sama, za a kai kayan wani gari da ke bakin hanyar mota, malam ma can aka tura shi. Ba wanda ya iya karanta takardar. An kira Maimuna, ta gane wasu haruffa, amma kalmomin sun fi ƙarfin karatun shekara ɗaya, ta tsaya tana kuka. Yaran da kansu aka sa suka ɗora kujerunsu a mota. Aka kwance allo, aka naɗe tuta. Labo yana tsaye da rigarsa har ƙurar motar ta kwanta.

7. Da kasuwar gyaɗa ta buɗe a Nuwamba, wani ɗan kasuwa mai suna Tanimu ya zo da sikeli da ma'aikatansa, ya ce ɗakin na gwamnati ne kuma an ba shi aronsa har ƙarshen kaka. Bai nuna wa kowa wanda ya ba shi ba. Ya sa kwaɗo a ƙofa. Yanzu buhuna sun kai rufi, har azarar gefe ɗaya ta fara lanƙwasa inda aka jingina su. Jakuna da raƙuman masu kawo gyaɗa sun karya danga sun cinye lambun yara, an mayar da ɗakin malam wurin ajiye igiya da tsofaffin buhuna. Da Labo ya yi magana cikin ladabi cewa ai don karatu ya ba da filin, sai aka ce masa abin da mutum ya bayar ya fita hannunsa.

8. Mai ƙorafi bai zauna ba. Maigari ya ce abin ya fi ƙarfinsa. Ya tafi wurin hakimi, aka tura shi buro, wato ofishin gwamnati. A buro aka ce ba nan ake maganar lakol ba, ya tafi wani buron a gari na gaba. Can ya yini a bakin ƙofa, da yamma aka ce mai maganar ya fita rangadi, ya dawo wani mako. Ya koma, aka ce ya kawo ƙorafinsa a rubuce. Duk tafiyar nan a kan jaki ya yi ta, a tsakiyar girbi, da ciwon gwiwa. Ba ya zargin kowa cikin waɗanda ya gani, kowa ya amsa gaisuwarsa, wani ma har ruwa ya ba shi. Sai dai har yau bai sami mutum ɗaya da ya ce masa shi ne ya ba da umarnin ba, balle ya san wanda zai durƙusa wa.

9. Yaran ba su daina zuwa ba. Ƙarfen nan da ke jikin gawo ba a tafi da shi ba, da hantsi wani cikinsu ya buga, su taru a inuwa, Maimuna ta tsaya gaba tana rubuta musu a ƙasa da tsinke. Abin da aka koya musu bara shi suke maimaitawa, in sun kai inda malam ya tsaya sai su koma farko. Ma'aikatan Tanimu kan kira su su riƙe bakin buhu ko su tsince tsakuwa cikin gyaɗa, a sallame su da ɗan abin taunawa. Kowane mako ana raguwa. Labo ya daina bi ta wannan hanya da safe, yana zagayawa ta bayan gari in zai tafi gona.

10. Gidaɗo ya dawo da shanunsa a farkon wannan wata. Tun damina 'ya'yansa ke gidan Labo don kada buɗe lakol ya wuce su, shi kuwa ya yi kiwon bana ba mataimaki, har ya yi asarar maruƙa. Ya zo ya tsaya ya dubi buhunan ta taga, ya daɗe yana dubawa. Bai faɗi baƙar magana ba. Ya yi wa Larai godiyar riƙon yara, ya ce su ɗauko sandunansu, suka bi shi. Labo ya ce da ya zage shi da ya fi masa sauƙi.

11. Abu na ƙarshe shi ne wanda ya fi nauyi, kuma da ƙyar mai ƙorafi ya bari in rubuta. Magana ta bazu a gari, har ta kai kasuwar Gangara, cewa tun farko da shirinsa: wai ya haɗa baki da Tanimu, ya sa talakawa suka yi ginin banza da sunan lakol, sannan ya sayar. Ba mai faɗa a gabansa. Amma in ya iso majalisa sai hira ta mutu, matan da ke kawo fura bara sun daina shiga wurin Larai, ranar sunan jikan Maigari kuma ba a aiko masa da goro ba, abin da bai taɓa faruwa ba tun da ya yi hankali. Ya rantse a masallaci bayan sallar Juma'a, mutane suka ce Allah ya kyauta, suka watse. Mutum ne da ya haura sittin, ba a taɓa kai shi gaban alƙali ba ko a matsayin shaida.

Saboda haka, ranka ya daɗe, mai ƙorafi yana roƙo cikin ƙanƙan da kai:

Na farko, a dawo wa Gidan Kadi da malaminsu, ko a turo wani, ko da ba tebur ba kujera. Mutane za su saƙa tabarmi, za su ciyar da shi kamar yadda suka ciyar da na farko.

Na biyu, a sa a fitar da gyaɗar nan tun rufin bai faɗo ba, domin ba ya jin za a sake samun masu fitowa gayya in shi ne ya kira.

Ba ya neman a mayar masa da gona. Ya bayar, kuma ƙasar ta riga ta daddaɓe, ko an mayar ba za ta yi gero ba.

In kuwa duk wannan ba zai yiwu ba, don ya san akwai manyan al'amura a gabanku da suka fi na ƙauye ɗaya, to yana roƙon abu guda da ba ya bukatar mota ko hatimi. A turo mutum ɗaya daga wajenku, ko da masinja ne, ya tsaya ƙofar Maigari bayan sallar Juma'a, ya faɗa da Hausa yadda kowa zai ji cewa Labo Idrisa bai sayar da lakol ba.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon duba na ƙasa da kai. A huta lafiya.

Naka mai biyayya,

L
(Wannan harafi da hannunsa ya rubuta shi, ga kuma dangwalen yatsansa.)
Labo Idrisa, Gidan Kadi.

Wanda ya rubuta, ya kuma karanta masa ya amince:
Alhassan, mai rubutu, kasuwar Gangara.