Mangwaron da Ya Karkata Hagu

Zuwa ga Maigidana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da yara, da ɗalibanka masu gudun lissafi. Na iso lafiya. Na ɗauki biro ne saboda abin da ke raina ba ya faɗuwa a waya, kana katse ni da tambayoyi.

Jikin Baba da sauƙi, amma ɓarin dama bai dawo ba, haka ma magana. Gwaggo na ƙoƙari da shi. Ina gama gaishe shi ya ɗaga hannun hagu ya nuna bayan ƙofa. Na leƙa, sai ga zanen da ya bari bai gama ba tun shekarar da Inna ta rasu. Ya nuna zanen, ya nuna fuskata, ya sake nuna zanen. Na ce masa na gane, zan ƙarasa. Shi ya koya mini riƙe buroshi, idan ban ƙarasa masa ba, wa zai yi? Likita ya gaya wa Gwaggo kada a riƙa ɗage abin da yake so zuwa gobe, ka san abin da hakan ke nufi.

Zanen mangwaron bayan gidanmu ne, wanda iska ta karya wa reshe. Ya gama sama, ya gama ganye, ya gama tudun da ke can baya. Ƙasan ne fari fat, sai wasu layuka na fenti mai ruwa-ruwa, launin ƙasa, masu lanƙwasa, da alama duwatsu ya so ya sa. Inda ya tsaya kuwa a miƙe yake kamar da rula aka ja, har na ce wannan aikinka ne ba na Baba ba.

Na share ɗakin Inna, nan nake kwana. Komai na nan yadda ta bari: gadon a ƙarƙashin taga, kabad mai madubi a ɗaya bangon. Murfin kabad ɗin a buɗe kaɗan na same shi, an cusa silifa ƙafa ɗaya a ƙarƙashinsa. Na zare na rufe, ina mitar halin maza. Kwana uku ya ishe ni in gama. Ka gaishe da yara, ka hana ƙaramar taɓa kwalin fentina.

Taka,
'Yar Fenti

Zuwa ga Maigidana,

Sallama da fatan alheri. Yaya gida, yaya tarin da ka ce yana damunka? Allah Ya ƙara sauƙi. Ni kam lafiyar jiki lau, kaina ne ya kulle.

Ka san yadda Baba ya koya mini aiki: ba a zana bishiya daga ka. Sai ka nemo inda za ka zauna, ka dawo wurin kullum a lokaci ɗaya, domin koren safe daban, na la'asar daban. To na ɗauki kujera na fita neman inda ya zauna. Yau kwana biyar ban samu ba.

Mangwaron nan dama ya karkata, tun ina yarinya haka yake. A zanen Baba hagu ya karkata. Karyayyen reshen da ke gefen rijiya ya koma ɗaya gefen, rijiyar ma ta bi shi. Na ce to daga baya ya zana, na zagaya. Daga can bishiyar ta karkata hagu daidai, amma gidanmu ne ya fito a bayanta, alhali shi tudu ya sa. Na hau katanga, na tsuguna, har kwanciya na yi a ƙasa, awakin maƙwabta na kallona. Gwaggo ta leƙo ta tambaye ni ko ɗan kunne na yar.

Ga kuma ƙyallen da ya zaɓa, dogo siriri, ga bishiya mai faɗi, har ya yanke mata reshe ɗaya. A saman kusurwa akwai wani tabo kamar tsatsa a tsakiyar sararin sama. Baba da ko ƙuda ya sauka a kan aikinsa sai ya gyara wurin!

Zan faɗa maka abin da ban faɗa wa kowa ba. Ina tsoron ko tun a lokacin kansa ya fara taɓuwa, mu ba mu lura ba. Tunanin nan ya hana ni sukuni. Shekaranjiya na yanke shawara in rufa masa asiri. Juya bishiya ba zai yiwu ba, amma na shafe tabon da shuɗi, na cika ƙasan da ciyawa da busasshen ganye, na rufe layukan nan duka. Ya yi kyau, wallahi ba yabon kai ba.

Da na kai masa, ya daɗe yana kallo. Sai ya juya fuskarsa bango. Tun jiya bai karɓi abinci daga hannuna ba, sai daga na Gwaggo. Na yi kuka a bayan gida inda ba mai gani. Me na ɓata? Kai da kake cewa kowace tambaya tana da amsa ɗaya, don Allah ka aiko mini da ita.

Matarka da kanta ya ɗaure,
'Yar Fenti

Maigidana,

Assalamu alaikum, da fatan kun tashi lafiya. Na ga saƙonka, na kuma gode, amma shawararka ta in ɗauki hoton bishiyar in auna kusurwoyinta ba ta yi aiki ba.

Shekaranjiya da hantsi na zauna a bakin gadon Inna, na rasa abin yi. Tsummana ya ƙare, na tashi na buɗe kabad in nemi tsohon ƙyalle, na dawo na zauna ban rufe ba. Murfin ya ci gaba da tafiya da kansa a hankali. Ina ɗaga kai sai na ga mangwaro ya gifta a cikin madubi, a karkace hagu.

Na tashi da gudu na nemo silifar nan, na riƙa tura murfin ina komawa gado, ina dawowa, har sau nawa ban sani ba. Da na kwanta na sa kaina a kan matashi, komai ya zauna a wurinsa. Ga reshen da aka yanke, bakin madubi ne ya yanke shi. Ga tabon, bayan madubin ne ya ci a kusurwa. Layin da na ce da rula aka ja, bakin taga ne. Inna ta yi shekara a kwance a ƙarƙashin tagar nan ba ta iya ɗaga kai ta leƙa, ashe ta nan take ganin bishiyarta. Na tambayi Gwaggo, ta ce kullum da hantsi Baba yakan shiga ya turo ƙofa, ita duk zatonta hira suke yi.

Sai na kalli ƙasan madubin, wurin da ya bari fari. Ba ciyawa a wurin, ba duwatsu. Matashi ne, da bargo, da ni.

Na ɗauko kananzir da auduga na bi ciyawata a hankali, ina roƙon Allah kada nasa ya biyo. Nasa ya bushe shekara biyu, bai motsa ba. Layukan suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Abin da na ɗauka dutse, kafaɗa ce. Na kusa da shi kuma kan mutum ne a kan matashi, ba ido ba baki. Mahaifiyata na binne da ciyawa, na kai masa ina jiran yabo.

Jiya ni da Gwaggo muka kama shi muka kai shi ɗakin, muka zaunar da shi a kujera dab da kan gadon. Na jingina zanen, na haɗa kala, na ɗauki buroshi zan fara. Ya miƙo hannun hagu ya karɓe. Ya nuna mini gado. Sai a lokacin na gane abin da ya nuna mini ranar da na iso. Kowa na cewa fuskar Inna na ɗauko, ni ce ban taɓa yarda ba.

Na kwanta. Gwaggo ta riƙe masa allon kala. Hannun ba ya jin maganarsa, layin sai ya tafi ya dawo, fenti na ɗiga a kan wandonsa, ni kuma ƙaiƙayi nake ji in tashi in gyara masa, amma ban motsa ba. Mun yi kamar rabin awa ya gaji. Da rana ya ci abinci daga hannuna.

Yau ma mun yi. Ban san ko wace ce za ta fito a wurin nan ba, ni ko ita, ko kuma ba kowa. Ban san ko kwana nawa zai ɗauka ba, ban kuma san ko yana da su ba. Ka yi haƙuri da rashina, ba zan sa maka rana ba. Ka ce wa yara ina kewarsu.

Abu ɗaya ya rage in gaya maka. Ɗazu yana kan zana goshi, na ɗan juya saboda wuyana ya ƙage. Sai na ji murya, irin wadda ta daɗe a ajiye. Wata huɗu ke nan bai furta komai ba. Sunan da yake kiran Inna da shi ya kira, a cikin faɗa-faɗa, yadda yake yi idan mutum ya motsa masa ana cikin aiki.

Ban sani ba ko daidai na yi. Na amsa, na mayar da kaina yadda yake.

Taka har kullum,
'Yar Fenti